Dutsen Arfa a Hannun Masu Zane

Arfa wani fili ne mai faɗi a gabas da Makka, ya ɗan karkata wajen kudu, tsakaninsa da birnin kamar mil 12. Duwatsu sun yi masa rabin zobe. A cikin filin akwai wani ɗan dutse wanda Larabawa su ke kira Jabalur Rahma, watau Dutsen Rahama, Hausawa kuwa su kan ce Dutsen Arfa. Ba shi da tsawo ƙwarai. Wanda ya saba hawan Dala a Kano ba zai ga wuyar hawansa ba. An yi masa matakala, an kuma kafa wani farin ginshiƙi a bisansa don ya zama alama. A Arfa ne Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi huɗubar ban kwana cikin shekara ta 10 bayan Hijira, watau 632. An kuma ce a nan ne Annabi Adamu da Hauwa'u suka sadu bayan saukowarsu duniya.

Ran 9 ga watan Zulhajji dukan mahajjata su ke taruwa a nan, daga bayan zawali, watau karkatawar rana daga tsaka, har faɗuwarta. Wannan shi a ke kira tsayuwar Arfa, ko hawan Arfa. Wanda ya rasa ta ba shi da hajji a wannan shekara. A mazhabar Maliki, wadda yawancin Hausawa su ke bi, lalle ne mutum ya kasance cikin iyakar filin ko da ɗan lokaci kaɗan ne bayan rana ta faɗi, sa'an nan ya kama hanyar Muzdalifa.

To, shekaru aru-aru abin da idon mahajjaci ya ke gani a wurin nan bai wuce launi uku ba: toka-toka na dutse, da ruwan ƙasa na rairayi, da farin harami. Harami shi ne ƙyalle biyu marasa ɗinki da namiji ya ke ɗaurawa in ya yi niyyar hajji. Sarki da talaka duk shigarsu ɗaya. Malamai su kan ce haramin yana tuna wa mutum likkafani, taron kuwa yana tuna masa Ranar Tsayuwa. Ga rana tana dukan kai, ga ƙura, ga ƙishirwa, mutane sun ɗaga hannuwa suna kuka suna roƙon gafara.

Amma wanda ya duba yadda masu zane suka ɗauko wannan wuri zai yi mamaki. Ko a tsohon littafi ne, ko a bangon gida, ko a 'yar takardar da alhaji ya kawo tsaraba, sai a ga dutsen ya zama shuɗi ko ja ko shunayya, ƙasa ta yi kore shar, tantuna sun yi ado kamar rumfar biki. Mai gardama ya kan ce ɗayan biyu ne: ko mai zanen bai taɓa zuwa Arfa ba, ko kuwa ya je amma ya ƙi faɗin gaskiya. Ƙarar nan tana da ƙarfi, ya kamata a saurare ta. Sai dai ba a yanke mata hukunci sai an san abu biyu: wane ne aka yi wa zanen, a cikin wane hali kuma ya ke sa'ad da ya ke dubansa.

Takardun shaida da littafin Lari

Zanen Arfa tsohon abu ne. A babban masallacin Dimashƙa, a ƙasar Sham, an sami tarin takardun shaidar hajji waɗanda yanzu a ke ajiye da su a Istambul. Mafi tsufa a cikinsu ta 1084 ce. Dogayen takardu ne da a ke naɗewa, a rubuta sunan mai hajji, shaidu su sa hannu. Waɗansu daga cikinsu an zana musu wuraren ibada bi da bi, Arfa da Muzdalifa da Mina da Ka'aba, an cika su da launi. Abin lura shi ne, da yawansu na hajjin wakilci ne, watau wani ya je ya yi a madadin wani, ko don mutuwa ta riga shi, ko don ba shi da ikon tafiya. Ashe tun farko zanen nan na wanda bai je ba ne. Shi wanda ya tsaya a filin ya riga ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Mai bukatar takarda shi ne tsohon da aka bari a gida, ko magadan mamaci, waɗanda ba su da abin riƙewa sai ita.

Wajen farkon ƙarni na 16 wani malami, Muhyiddin Lari, ya tsara wani littafi da harshen Farisa mai suna Futuhul Haramaini, yana koya wa mahajjaci ayyukan hajji ɗaya bayan ɗaya. An yi ta juyar littafin nan da hannu, kofe da yawa a cikin Makka kanta aka rubuta su, mahajjata suna saye suna kai wa ƙasashensu. Shafin Arfa yana cikin shafuffukan da suka fi kyau. An tara duwatsu kamar curin gajimare, ko wane da launinsa. A gindinsu an jera tantuna da tutoci. Ga masallacin Namira a gefe, ga tafkunan ruwa na gini, waɗanda su ke tuna wa mai karatu aikin Zubaida, matar Halifa Haruna Rashidu, wadda ta kashe dukiya mai yawa ta jawo ruwa zuwa wannan fili. Ga kuma mahmal, watau wani ɗan ɗaki mai rufin alharini da sarakunan Masar da na Sham su kan ɗora wa raƙumi su aiko da shi tare da ayarinsu. Kusa da ko wane abu an rubuta sunansa, don kada mai duba ya ɓata.

Gwanintar shafin nan tana cikin abin da aka bari ba a zana ba. Babu mutum ko ɗaya. Filin da dubban mutane su ke cikawa an bar shi wayam, tantuna a kafe, tutoci a tsaye, kamar gidan da aka share aka yi shimfiɗa ana jiran baƙo. Dalili ɗaya sananne ne, malamai ba su son a zana mai rai, balle a littafin ibada. Amma hanin nan ya zama riba. Da an cika shafin da mutane, da mai duba ya zama ɗan kallo, yana ganin waɗansu sun sami abin da shi bai samu ba. Da ya ke babu kowa, sai ya ga akwai wurinsa. Launin kuma yana aikin da fuskokin mutane za su yi: shi ya ke faɗin cewa wurin nan wurin murna ne.

Hanyar da a ke bi

Ba a gane dalilin wannan murna sai an tuna wahalar zuwa. Kafin zamanin mota da jirgin sama, Bahaushe mai niyyar hajji da ƙafa ya ke tashi, ko a kan jaki. Ya bi ta Barno, ya ƙetare Wadai da Darfur da Kordofan, ya isa Kogin Nilu, ya gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya, ya shiga ƙaramin jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri ya kan ƙare a hanya, sai a tsaya a yi noma ko ƙodago shekara ɗaya ko biyu, a tara kuɗi, a ƙara gaba. Bayan da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan cikin 1925, alhazan Afirka ta Yamma da yawa da tsinkar auduga suka sami kuɗin ƙarasa tafiya. Wanda ya tafi ya dawo cikin shekara biyar bai daɗe ba. Mutum ya kan biya basussukansa, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar dangi, domin shi da su duk sun sani watakila rabuwar ke nan.

Wani lokaci ma tafiyar ta gudun masifa ce. Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, nufinsu Makka. Aka tare su a Burmi, aka kashe shi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran har Sudan, suka zauna kusa da Sannar a bakin Shuɗin Nilu, garin yana nan har yau da sunan Mai Wurno. Waɗanda suka ƙetare teku kuma ba duka suka komo ba. Jikokinsu suna nan a Makka da Madina da Jidda, ana kiransu da laƙabin Hausawi ko Barnawi ko Fallata.

To, mutumin da ya sha wannan hanya, ran da ya tsaya a Arfa ba launin dutse ya ke dubawa ba. Ranar nan ce ya sayar da gonarsa dominta, ita ce ya binne abokan tafiya a daji dominta. In aka tambaye shi bayan shekara ashirin yaya wurin ya ke, amsarsa ba za ta yi kama da toka ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mai zane fuskar alhaji ya tambaya, abin da ya gani a cikinta shi ya shafa wa dutsen. Nan ne ƙarar mai gardama ta fara rauni, domin ya auna zanen da ma'aunin taswira, alhali kuwa zanen bai yi alkawarin zama taswira ba.

Bangayen Masar

Inda wannan sana'a ta fi bunƙasa shi ne ƙauyukan Masar, tun ba na kudu ba, wajen Luksor da Aswan. Wani Bature mutumin Ingila, Edward Lane, ya ambaci al'adar a littafin da ya buga cikin 1836 a kan zaman Misrawa: kafin alhaji ya iso, a kan shafe ƙofar gidansa da ja da fari, a zana itatuwa da raƙuma. Daga baya abin ya girma har ya cinye fuskar gida dukanta. Cikin 1995 waɗansu Amurkawa biyu, Ann Parker mai ɗaukar hoto da Avon Neal marubuci, suka fitar da littafi guda na hotunan bangayen nan.

Dangi ne su ke kiran mai zane sa'ad da alhaji ya ke can. Ya shafe bango da farar ƙasa, sa'an nan ya jera labarin tafiya: Ka'aba baƙa da ɗamararta ta zinariya, koren tulluwar masallacin Madina, jirgin ruwa ko jirgin sama ko raƙumi, ragon layya, da mahajjaci cikin harami ya ɗaga hannu a gindin Dutsen Arfa. A rubuta sunan mai gida da shekarar hajjinsa, da addu'ar Allah ya karɓa ya gafarta zunubi. Su Misrawan ƙauye ba su ƙi zana mutum ba.

Wanda ya koyi zane a makarantar Turai zai ga kurakurai da yawa a bangayen nan. Jirgin sama ya kan yi daidai da girman rago. Alhaji ya kan fi dutsen tsawo. Babu inuwa, babu nesa babu kusa. Amma in an lura sai a ga akwai ƙa'ida: girman abu a bango gwargwadon girmansa ne a zuciyar masu gida. Abu na biyu, mai zanen kirki ba ya mantawa da abin hawa. Jirgin ruwan nan da aka shafa wa shuɗi mai haske, shi ne abin da ya hana matar gida barci wata guda. Mai zane bai ɓoye shi ba. Ya ɗauko abin tsoro ya yi masa ado, ya kafa shi a inda za a riƙa ganinsa kullum, kamar yadda maharbi ya kan rataye fatar zakin da ya kashe.

Akwai kuma wani abu. Ana yin zanen ne tun ba a san ko alhaji zai komo ba. Saboda haka aikin kansa magani ne ga masu jira. Maimakon a zauna a yi tagumi, sai a sayo fenti, yara su riƙe wa mai zane tsani, maƙwabta su tsaya suna gyara masa. Fentin mai araha ne, rana tana cinye shi cikin 'yan shekaru, masu gida kuwa ba su damu ba, gama ya riga ya yi aikinsa. Asarar da ta fi ciwo ita ce ta ƙauyen Gurna, a yamma da Luksor, wanda hukuma ta fara rushewa cikin 2006 don a kare kaburburan zamanin Fir'aunoni da ke ƙarƙashinsa. Bangaye masu kyau da yawa sun tafi tare da gidajen.

Yadda abin ya ke a ƙasar Hausa

Magina na Hausa ba su bi hanyar Misrawa ta zana labarin tafiya dukansa a bango ba. Nasu adon na zayyana ne, watau tsara layi da kusurwa da zobe ba tare da surar mai rai ba. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a kan yi masa allon zayyana, a cika shi da ja da rawaya da kore, ya zaga dangi da shi. Shi ma ado ne na bayan wuya, domin shekarun karatun allo ba su da sauƙi. Haka kuma littafin Dala'ilul Hairati na Shaihu Jazuli, mutumin Maroko, wanda ya rasu cikin 1465, wanda a ke karantawa ƙwarai a Kano da Katsina da Sakkwato. Marubutan ƙasar nan su kan zana Rauda a cikinsa, watau inda kabarin Annabi ya ke da na Abubakar da Umaru a Madina. Yawancin masu rubutun ba su taɓa ganin Madina ba. Sun shata murabba'i uku, sun kewaye su da launi mafi kyau da su ke da shi. Begen wurin da ƙafa ba ta kai ba shi ya riƙe alƙalamin.

A fuskar gidaje kuwa, a Zariya da Kano da Damagaram, da can da laka a ke fitar da ado, a shafe da makuba. Da siminti da fentin kanti suka zo a zamanin Turawa, sai zaurukan attajirai suka ɗauki launi. A. H. M. Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu ado cikin 1963. A tsakiyar dagi, watau ƙullin nan da ya zama tambarin Arewa, da takobi, sai ga keke da agogo da mota da jirgin sama. A shekarun nan ne jirgi ya fara kwasar alhazai daga Kano zuwa Jidda, tafiyar shekara biyar ta koma ta yini guda. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya yi hajjinsa na fari cikin 1955, manya da attajirai suka yi ta bi. Mai wucewa da ya ga jirgi a goshin zaure ba wuya tunaninsa ya tafi Makka.

Surar Arfa kanta ta jakar tsaraba ta shigo. Alhaji ya kan komo da dabino da ruwan Zamzam da carbi da darduma, wani har da haƙorin Makka yana walƙiya a bakinsa. A cikin kayan akwai hotuna na ɗab'i masu launi, na Ka'aba da Madina da Arfa, da wata 'yar kyamara ta roba wadda yaro zai kanga a ido ya danna, wuraren ibada su riƙa wucewa ɗaya ɗaya. Hausawa da yawa a cikin wannan ɗan rami suka fara ganin farin ginshiƙin Arfa.

Kada a raina takardun nan don arharsu. A zamanin William Ponty, wanda ya yi Gwamna Janar na ƙasashen Faransa a Afirka ta Yamma daga 1908 zuwa 1915, an sa wa hotunan addini da su ke shigowa daga ƙasashen Larabawa takunkumi, don tsoron abin da za su cusa a zukatan talakawa. A Sanagal sai mutane suka koma suna kwaikwayonsu da fenti a bayan gilashi, har abin ya zama sana'a mai zaman kanta. Mai mulki ya gane abin da mai gardama bai gane ba: mutumin da aka ci ƙasarsa, in yana da wata alƙibla a bangon ɗakinsa wadda ba ta ƙarƙashin ikon kowa, ba a gama cinye shi ba.

Ma'aunin mai kyau da mara kyau

Duk da haka ba ko wane zane mai haske ne ya cancanci yabo ba. Daga misalan nan a kan iya fitar da ma'auni uku. Na fari, a duba ko wahala tana nan a ƙarƙashin launin. Shafin Lari yana da tafkin ruwa, tafki kuwa shaidar ƙishirwa ne. Bangon Masar yana da jirgi, jirgi kuwa shaidar teku ne. Na biyu, a duba ko zanen ya bar wa mai kallo wurin shiga. Na uku, a duba ko hannun da ya yi shi ya san wanda ya ke yi wa.

In an auna da waɗannan, sai a ga rashin ƙarfin abin da ya yawaita a zamanin nan, watau manyan ƙyallayen roba da a ke haɗawa a kwamfuta a buga da inji, a rataye don taryar alhaji. Launinsu ya fi na dukan masu zanen da ƙarfi. Amma hoton Ka'aba ɗaya ne a na kowa, furanni ɗaya ne, fuskar mai gida kaɗai a ke canzawa, ita kuwa ta kan cika rabin ƙyallen. Babu hanya, babu ƙishirwa, babu wurin da maƙwabcin da bai je ba zai sa kansa. Na da yana cewa, ga inda Allah ya kai ɗayanmu. Na yanzu sau da yawa cewa ya ke yi, ga ni. Laifin ba na injin ba ne, domin hotunan tsaraba ma inji ya buga su. Bambancin yana wajen wanda aka sa a tsakiya.

Shekarun baƙin ciki

Wani zai ce wahalar hajji ta wuce, saboda haka bukatar irin wannan zane ta wuce. Gaskiya ne an sami sauƙi mai yawa. Tun 2010 akwai jirgin ƙasa tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa. Amma shekarun nan na kusa sun nuna wuya ba ta ƙare ba. Ran 24 ga Satumba 2015, kwana ɗaya bayan tsayuwar Arfa, aka yi turmutsitsi a Mina a hanyar jifan Shaiɗan. Hukumar Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, lissafin da aka tattara daga ƙasashen alhazai kuwa ya haura 2,000. 'Yan Nijeriya fiye da 200 suna ciki, har da Hajiya Bilkisu Yusuf, sananniyar 'yar jarida. Cikin 2020 da 2021 annobar korona ta hana kowa zuwa daga waje, mazauna Saudiyya kaɗan ne aka bari. Maniyyatan da suka yi shekaru suna tari suka zauna a gida suna kallon filin a talabijin, kusan wayam, kamar shafin Lari. Cikin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu a lokacin hajji.

Ga gidan da aka yi irin wannan rashi, hoton jarida gaskiya ya ke faɗi, amma gaskiyar sa'a ɗaya ce, ta ƙarshe. Zanen nan mai kore da shuɗi yana riƙe da wata gaskiyar, ta jiya da rasuwar: cewa mamacin ya isa inda ya nufa, ya tsaya, ya roƙi abin da ya je roƙo. Dangi su kan ce ya yi kyakkyawan ƙarshe. Mai zane abin da su ke faɗi da baki shi ya faɗa da fenti. Ba ya mayar da wanda ya tafi, ba ya kuma ɗauke wa hukuma alhakin gyaran hanya da tanadin ruwa da inuwa. Iyakar ikonsa ya ba ido wurin hutawa, har zuciya ta sami ƙarfin ɗaukar sauran.

Saura abu ɗaya, wanda ya shafi ƙarar nan ta cewa masu zane sun yi wa Arfa ƙaryar kore. Cikin shekarun 1980 aka dasa itatuwa wajen 50,000 a filin don mahajjata su sami inuwa. Mutanen Indonesiya su kan kira su da sunan shugabansu Sukarno, wanda ya yi hajji cikin 1955, sun ce shi ya fara ba da shawarar. Itacen kuwa ba baƙon Bahaushe ba ne. Dogon yaro ne, wanda waɗansu su ke kira darbejiya ko maina, shi ne dai wanda ya ke bakin titin Maiduguri da Katsina da Maraɗi, wanda a ke shimfiɗa tabarma a gindinsa da azahar. Alhajin da ya sauka Arfa a yau ya kan tarar da layi-layi na kore har gindin dutsen, ya zauna a inuwar da ya sani tun yana yaro. Masu zane sun riga masu dashe da shekara ɗari huɗu ko fiye. Sun ga abin da wurin ya ke bukata, suka sa shi a takarda, har Allah ya kawo waɗanda suka sa shi a ƙasa.